Zagayen Andalus da Mota Mai Ɗaki a Lokacin Sanyi: Wacce Ta Dace da Tafiyarka?

Wanda ya ƙudura niyyar zagaya kudancin Sifaniya tsakanin Nuwamba da Maris yakan fara ne da jin labari mai daɗi, cewa kuɗin hayar mota ya faɗi, hanyoyi sun yi fili, kuma zafin nan na Yuli da Agusta da yakan haura digiri 40 a Kurɗuba da Ishbiliya ya wuce. Duk wannan gaskiya ne, sai dai ba shi ne dukkan zancen ba, domin idan sanyi ya shigo Andalus takan rabu gida biyu. Bakin Bahar Rum, daga Almeriya zuwa Malaga, yana nan da ɗuminsa, rana takan kai digiri 16 ko 17 a Janairu, kuma zangunan motoci a can cike suke da tsofaffin ma'aikata daga Jamus da Holan da Birtaniya da Faransa, waɗanda sukan gudo daga ƙanƙarar ƙasashensu su kafa zama na wata uku ko huɗu. Cikin ƙasa kuwa wani abu ne dabam. Garnaɗa tana bisa tsayin mita 700 da ɗoriya, a gindin tsaunukan Siyera Nebada, dare yakan sauka kusa da sifiri, kuma zanguna da yawa na kan duwatsu sukan rufe ƙofa har sai bazara. Galibin abin da ke jawo mai karatun Hausa zuwa wannan ƙasa, wato fadar Alhamra, da babban masallacin Kurɗuba da Abdurrahman na Farko ya fara ginawa wajen shekarar 785, da kufan Madinatuz Zahra, da Jayyan garin Ibn Malik na nahawu, duk a wannan ɓangare mai sanyi suke. Saboda haka zaɓin mota ya fi rataya a kan yadda dare zai kasance a cikinta fiye da kuɗin da aka rubuta a tallar kamfani.

Zaɓi biyar ne a gaban matafiyi: hayar ƙaramar mota mai rufin da ake ɗagawa, hayar matsakaiciya mai banɗaki, hayar babba mai kama da gida, sayen ta hannu a sayar bayan tafiya, ko kuma barin mota mai ɗaki gaba ɗaya a ɗauki ƙaramar motar haya ana kwana a masauki.

Ma'aunan da za a yi amfani da su

Na farko shi ne kuɗi, kuma a nan ake yawan yin tuntuɓe. Kuɗin haya na yini ɗaya kashi ne kawai na abin da za a biya. Akwai kuɗin ajiya da kamfani yakan riƙe a katin banki, wanda sau da yawa yakan kai Yuro 1,000 ko ya wuce, akwai ƙarin inshora ga wanda yake son rage abin da zai biya idan an goge motar, akwai kuɗin shimfiɗa da na wanke mota, wasu kamfanonin kuma suna ƙayyade kilomitar da za a yi a yini. A kan wannan sai a ɗora man dizal, da kuɗin wurin kwana, da gas na girki.

Na biyu shi ne ƙarko da juriyar sanyi. Abin tambaya shi ne da me motar take ɗumama ciki, lita nawa na ruwa take ɗauka, kuma kwana nawa batirinta zai riƙe ba tare da an jona shi da wutar zango ba. A Disamba da Janairu rana ba ta fitowa a Malaga sai wajen ƙarfe takwas da rabi, ta faɗi wajen shida, tana kuma tafiya a ƙasa-ƙasa, don haka allon sola da yake cika batir kafin azahar a watan Yuni ba ya iya wannan aiki a hunturu. Batun gas ma yana da nasa sirri. Tukunyar nan mai ruwan lemo ta kilo 12.5 da ta cika Sifaniya butan ce a cikinta, shi kuwa butan yana daina tashi idan sanyi ya kusa sifiri, alhali furofan, ɗaya nau'in gas ɗin, yana ci gaba da aiki har ƙasa da haka nesa. Wanda zai kwana a Garnaɗa ko a ƙauyukan Alfuharras da ke gangaren kudancin Siyera Nebada ya tambayi wane ne aka saka masa.

Na uku shi ne sauƙi: tuƙi, da samun wurin ajiye mota, da banɗaki, da ruwan alwala, da girki. Girkin ba ƙaramin abu ba ne ga Musulmi, domin naman alade da kitsensa suna shiga abinci da yawa a gidajen cin abinci na Sifaniya, har da wasu kayan fulawa. Mai murhu a motarsa yana iya sayen naman halal a shagunan 'yan Maroko, waɗanda ba su da wuyar samu a Almeriya da Aljasiras da Malaga da Garnaɗa, ya dafa abinsa hankali kwance.

Na huɗu shi ne doka da haɗari, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta Sifaniya ta bambanta tsakanin ajiye mota da kafa zango tun cikin wani umarni da ta fitar a 2008. Muddin motar tana tsaye a kan tayoyinta a wurin da aka halatta ajiye mota, ba a fito da rumfa ko kujera ko tebur ba, ba a buɗe tagar da take fita waje da faɗin motar ba, kuma ba ta zubar da ruwa, to ajiye ta aka yi, ko da mutum yana barci ko girki a ciki. Da zarar an fito da kujera ɗaya an kafa zango ke nan, kafa zango a inda ba a tanada ba kuwa laifi ne mai tara. Dokar bakin teku ta 1988 ta hana kwana a kan rairayi da abin da ke daf da shi, wuraren da aka keɓe domin kare halitta irin su Kabo de Gata suna da nasu ƙa'idoji masu tsauri, ƙananan hukumomi da yawa na bakin teku kuma sun kafa sanduna a ƙofar filayen ajiye mota domin hana duk abin da ya wuce mita biyu tsawo shiga. Sannan akwai dokar sauyin yanayi ta 2021 da ta wajabta wa garuruwa masu mutane fiye da 50,000 su keɓe unguwannin da tsofaffin motoci masu hayaƙi ba za su shiga ba. Lasin na mota na yau da kullum yana isa ga abin da bai wuce kilo 3,500 ba. Wanda lasinsa na Najeriya ne ko na Nijar zai buƙaci lasin ƙasa da ƙasa tare da nasa, mai bizar Shengen ta ziyara kuma ba zai wuce kwana 90 a cikin 180 ba.

Haɗarin da ya fi girma a wannan lokaci ba ɓarayi ba ne, ruwa ne. Gabar Bahar Rum cike take da busassun ƙoramu da mutanen wurin ke kira rambala, shimfiɗaɗɗu, masu tsakuwa, da suke kama da wurin da aka gyara domin ajiye mota. Duk wanda ya san yadda busasshen rafi yake cika cikin sa'a guda idan an yi ruwa a sama da shi ya fahimci batun. Ambaliyar 29 ga Oktoba 2024 a yankin Balensiya ta hallaka mutane fiye da 220, da yawansu a cikin motoci da garejin ƙarƙashin gida. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasar tana fitar da gargaɗi mai launi uku, rawaya da ruwan lemo da ja, kuma dubawa kowace yamma kafin a zaɓi wurin kwana wajibi ne ga kowace irin mota.

Ƙarama mai rufin ɗagawa

Wannan ita ce irin Volkswagen California da 'yan uwanta. Tsawonta wajen mita 5 ne, tsayinta kuma yana ƙasa kaɗan da mita 2 idan an sauke rufin, don haka tana shiga yawancin garejin ƙarƙashin ƙasa, tana wuce yawancin sandunan nan na bakin teku, kuma wanda ya saba da tuƙa ƙaramar bas ba zai ji baƙunta ba. Kuɗin hayarta a sanyi yawanci yana tsakanin Yuro 55 da 85 a yini, kusan rabin abin da ake nema a Agusta, tana kuma shan lita 7 zuwa 9 a kilomita 100. A hanyoyin Alfuharras masu lanƙwasa, inda ake hawa daga Famfanera zuwa Kafilera da Tirebeles, babu wadda ta kai ta daɗin tuƙi.

Matsalarta ita ce an yi ta ne domin zafi. Gadon sama tanti ne, bangonsa yadi, kuma iskar gabas da take kaɗawa a Tarifa, garin da ke ƙarshen kudancin ƙasar, kwana da kwanaki takan tilasta a sauke shi a matsu a gadon ƙasa. Idan aka sauke rufin ba a iya miƙewa tsaye a ciki. Tankin ruwanta kusan lita 30 ne, kuma ba ta da banɗaki sai dai ɗan fo na tafi-da-gidanka da wasu kamfanoni suke ƙarawa. Na taɓa kwana a irinta a wani fili a gefen Garnaɗa cikin watan Janairu. Da asuba gilashin gaba ya jiƙe sharkaf daga ciki saboda numfashinmu, ruwa yana gangarowa kan allon tuƙi, bargo ya yi danshi ta gefen da ya taɓa bango, ni kuwa ina tsugune a bakin ƙofa da buta a hannu ina alwala a cikin duhu, yatsuna sun ƙage har na kasa ɗaura agogo. Hita mai amfani da dizal tana nan a motar kuma ta yi aikinta, amma ba ta hana mutum fita waje domin duk wata lalura. Sakamakon haka mai wannan mota yakan ƙare yana biyan zango kusan kowane dare domin banɗaki da ruwan zafi, abin da yake cinye arahar da aka gani da farko. Ga wanda zai tsaya a bakin teku kawai, ko zai yi tafiyar a ƙarshen Maris, wannan aibi yana raguwa ƙwarai.

Matsakaiciya mai banɗaki

Galibi a kan Fiat Ducato ko Citroën Jumper ko Peugeot Boxer ake gina ta, wato motar dakon kaya ce da aka mayar da cikinta ɗaki. Wadda ta fi yawa tana da tsawon mita 6, faɗin mita 2 da 'yan kai, da tsayin kusan mita 2.6. Ana miƙewa tsaye a ciki, akwai gado tabbatacce a baya, da murhu, da firji, da ɗan banɗaki mai shawa, da tankin ruwa na kusan lita 100. Hayarta takan kama Yuro 70 zuwa 100 a yini a wannan lokaci, tana shan lita 9 zuwa 11.

Banɗakin nan, duk da ƙanƙantarsa, shi ne yake sauya lissafi. Garuruwa da ƙauyuka da yawa na Andalus sun tanadi filaye na musamman domin motoci masu ɗaki, inda ake cika ruwa, a zubar da ruwan wanke-wanke, a juye akwatin masai, wasu kyauta, wasu a kan kuɗi kaɗan da ba kasafai yake wuce Yuro 15 ba. Mai banɗaki a motarsa yana iya kwana a waɗannan filaye dare uku ko huɗu a jere, ya shiga zango sau ɗaya domin wanki da cajin batir. Manhajoji irin su Park4night da Campercontact suna nuna inda suke, tare da bayanin waɗanda suka kwana a can kwanan nan, wanda yake da amfani wajen gane filin da aka rufe. Akwatin masai yana ɗaukar ƙasa da lita 20, kuma mu da muke tsarki da ruwa mukan cika shi da wuri fiye da yadda Turawa suke lissafawa, don haka mutum biyu su sa ran juye shi kowane kwana biyu. Aiki ne mara daɗi, kuma ya kamata a yi shawarar wanda zai riƙa yinsa tun kafin a bar gida.

Jikinta ƙarfe ne, ƙarfe kuwa yana jawo sanyi, don haka ba ta kai babba riƙe ɗumi ba, amma hitar dizal tana isa, kuma ta fi ta gas sauƙi tunda daga tankin motar take sha. Ba ta shiga garejin ƙarƙashin ƙasa, ba ta wuce sandar mita biyu, kuma babu mai hankalin da zai kai ta Albaisin, tsohuwar unguwar Garnaɗa, inda wasu lunguna jaki ne ma'auninsu. Amma tana shiga layin ajiye motoci na gefen titi idan an yi haƙurin nema, tana juyawa a dandalin ƙauye, kuma ba ta jawo ido kamar babba. Iyakarta ta gaskiya ita ce yawan mutane. Ga mutum biyu ta wadatar, ga miji da mata da ƙaramin yaro ta yi daidai, fiye da haka kuwa matsi ne, musamman a ranar da ruwa ya hana fita, kuma a yammacin Andalus, wajen Kadis da duwatsun Garasalema, irin wannan rana ba ta da wuyar zuwa.

Babba mai kama da gida

Mita 7 ko fiye, faɗi kusan mita 2.3, tsayi wajen mita 3. Bangonta yana da rufi mai kauri, shawa dabam masai dabam a wasu, gadaje huɗu zuwa shida, da ma'ajiyar kaya a baya. Ita ce ta fi kowacce ɗumi da sarari, kuma ita kaɗai ce take iya ɗaukar iyali. Haya Yuro 85 zuwa 125 a yini, mai kuma lita 11 zuwa 13.

Abubuwa uku ne ya kamata a duba kafin a sa hannu. Yawan gadaje ba shi ne yawan kujeru masu bel ba, doka kuwa ta ce kowa ya zauna ɗaure da bel idan mota tana tafiya, yaron da bai wuce santimita 135 ba kuma sai da kujerarsa ta yara. Sai nauyi: da yawansu suna daf da kilo 3,500 tun kafin a ɗora kaya, cikakken tankin ruwa kaɗai kilo 100 ne, kuma mutum biyar da jakunkunansu suna iya tsallake iyakar lasin ba su sani ba. Na uku, yawancinsu da gas suke ɗumama ciki, kuma a dare mai sanyi tukunya ɗaya ba ta daɗewa.

Wajen tuƙi, manyan hanyoyin Andalus ba su da matsala, mafi yawansu ma kyauta ne. An cire kuɗin hanya tsakanin Ishbiliya da Kadis tun 1 ga Janairu 2020, hanyar A-92 da ta ratsa yankin daga Ishbiliya zuwa Almeriya ba a biyan komai a kanta, sai dai tana hawa mashigin La Mora mai tsayin kusan mita 1,400 a gabas da Garnaɗa, inda dusar ƙanƙara takan tsayar da manyan motoci. Wahalar tana farawa ne idan an sauka daga babbar hanya. Baranda da ta leƙo kan titi, reshen zaitun, kwanar da ba a gani, duk suna jiran saman motar da gindinta, kuma inshorar kamfanoni da yawa ba ta ɗaukar lalacewar rufi. Iska mai ƙarfi a hanyar Tarifa tana tura ta gefe kamar kwali. Mai wannan mota yakan ajiye ta a wajen gari ya shiga bas, wanda ba laifi ba ne, amma lokaci ne da kuɗi da ya kamata su shiga lissafi.

Sayen ta hannu

A takarda wannan ya fi kowanne ma'ana ga doguwar tafiya, domin hayar wata uku tana iya haura Yuro 6,000, alhali motar da aka saya da kyau ba ta rasa wannan adadi na darajarta cikin wata uku, balle idan an saya a kaka aka sayar a bazara, lokacin da masu nema suke yawa. A aikace kuwa ƙofar tana buɗe ne ga mazauna ƙasar. Canjin suna yana buƙatar lambar shaidar baƙi da adireshi a Sifaniya, da harajin sayen kayan hannu da galibi yake tsakanin kashi 4 da 8 cikin ɗari gwargwadon yanki da ƙarfin mota, da kuɗin hukuma, da inshora ta shekara. Mazaunin da lasinsa na wajen Tarayyar Turai ne, wata shida kawai yake da shi na amfani da shi bayan samun izinin zama.

Motar kirki ta hannu tana farawa ne daga wajen Yuro 20,000 zuwa sama. Akwai masu araha ƙasa da 10,000, amma araha ba ta ado: yawancinsu dizal ne na kafin 2006, waɗanda ba su da takardar muhalli da ake liƙawa a gilashi, don haka unguwannin da aka keɓe a manyan garuruwa sun haramta gare su. Babban ciwon tsohuwar mota mai ɗaki shi ne yoyon ruwa a bango, wanda yake ruɓar da katakon ciki shekara da shekaru ba a gani, sai a kai ta wurin mai na'urar auna danshi kafin a biya. Haka kuma a tabbatar gado da murhu da tagogin da aka ƙara suna rubuce a takardar motar, in ba haka ba za ta faɗi a binciken lafiyar mota. Dillali mai rajista yana ba da garantin aƙalla shekara ɗaya, wanda ya saya daga hannun mai ita kuwa wata shida ne kawai doka ta ba shi na ƙorafi a kan ɓoyayyen aibi, kuma shi ne zai kawo hujja.

Ƙaramar mota da masauki

Ba za a yi adalci ba idan aka bar wannan. A sanyi hayar ƙaramar mota a filin jirgin Malaga tana da araha sosai, sau da yawa Yuro 20 zuwa 30 a yini, ɗaki mai tsabta na mutum biyu kuma ana samunsa a kan 45 zuwa 70 a yawancin garuruwa. Babu juye masai, babu neman ruwa, kuma ana kwana a tsakiyar tsohon gari, inda mutum zai taka da ƙafa zuwa babban masallacin Garnaɗa da aka buɗe a 2003 a saman Albaisin, yana kallon Alhamra a ƙetaren kwari. Abin da ake rasawa shi ne murhu, sai an kama gida mai kicin, da kuma 'yancin sauya hanya idan gajimare ya taso daga yamma. Gidajen kudancin Sifaniya ma an gina su ne domin korar zafi, da daɓen tayil da bango mara rufi, don haka a tambayi ko akwai hita kafin a biya.

Lissafi gefe da gefe

Alƙaluman jimla da ke ƙasa misali ne da na gina a kan mutum biyu, kwana 14, kilomita 1,500, da mai a kan kusan Yuro 1.50 kowace lita. Ba su haɗa da abinci da tikitin jirgi da ƙarin inshora ba.

| | Ƙarama | Matsakaiciya | Babba | Saye | Mota da masauki |
|---|---|---|---|---|---|
| Jimlar kwana 14 | kusan Yuro 1,400 | kusan 1,600 | kusan 1,900 | ba ya biya | kusan 1,350 |
| Juriyar sanyi | rauni | mai kyau | mafi kyau | ya danganta da shekaru | ya danganta da masauki |
| Banɗaki | babu | akwai | akwai | ya danganta | akwai |
| Tuƙi da ajiyewa | mai sauƙi | matsakaici | mai wuya | ya danganta | mafi sauƙi |
| Kwana ba zango | 1 | 3 zuwa 4 | 3 zuwa 4 | ya danganta | babu |
| Babban haɗari | danshi da iska | guga a lungu | nauyi da rufi | yoyo da takardu | ɗaki mai sanyi |

Abin da teburin ya nuna, wanda kan ba mutane mamaki, shi ne mota mai ɗaki ba hanyar rage kuɗi ba ce a tafiyar mako biyu. Tazarar da ke tsakanin ƙarama da matsakaiciya kuma ba ta wuce Yuro 15 a yini ba idan an haɗa komai. Farashin yana tashi a makon Kirsimeti har zuwa bikin 6 ga Janairu, ya sake tashi a makon Ista, lokacin da ake rufe titunan Ishbiliya da Malaga domin jerin gwano, don haka tsakiyar Janairu zuwa farkon Maris, ko watan Nuwamba, su ne suka fi sauƙi.

Wace ga wane

Wanda kwanakinsa ba su kai goma ba, kuma burinsa Kurɗuba da Garnaɗa da Ishbiliya, ya ɗauki ƙaramar mota da masauki, ko ma ya bi jirgin ƙasa tsakaninsu, domin mota mai ɗaki za ta zame masa kaya a dukkan garuruwan uku. Miji da mata masu mako biyu zuwa shida, waɗanda suke son haɗa garuruwan tarihi da hamadar Tabernas da ƙauyukan dutse da gabar Kadis, matsakaiciya mai hitar dizal ita ce tasu, kuma ita ce zan zaɓa da kaina ba tare da dogon tunani ba. Matasa biyu masu jure sanyi da za su bi bakin teku kawai, suna kwana a zango, ƙarama ta ishe su. Iyali mai yara uku ko fiye ba su da zaɓi sai babba, amma su rage yawo, su kama zango biyu ko uku tun da wuri tunda na bakin teku suna cika, su riƙa fita daga can da bas. Saye ya dace da wanda yake zaune a Sifaniya da takardunsa, yana da wata uku ko fiye, yana kuma da inda zai ajiye motar idan mai saye ya yi jinkirin zuwa. Wanda yake tunanin ƙetarawa Maroko daga Aljasiras, ya zarce Fas domin ziyara, ya tambayi kamfanin haya tun kafin ya biya, domin da yawansu ba su yarda motarsu ta hau jirgin ruwa zuwa Afirka ba, masu yarda kuma sukan nemi ƙarin kuɗi da takardar inshora ta dabam da sai an shirya ta kwanaki kafin tafiya.